Sai An Mayar da Nasu

Litinin, da hantsi

Babbar kwamfutar zane ta sake mutuwa. Mai Zane tana tsakiyar zanen ginin wata makaranta, allo ya koma shuɗi, fanka ta yi wani kuka, sai shiru. Duk abin da ta zana tun safe ya tafi. Ba ta yi faɗa ba. Juyo da kujerarta kawai ta yi ta ce, "Likita, majinyacinka ya sake suma."

Likita suke ce mini a ofis, don ni ke kula da kwamfutoci. Ban wuce sakandare ba, a hannu na koyi aikin.

Na kashe, na kunna, ta tashi kamar ba ita ba. Na buɗe gefenta, na hure ƙura, na tattaɓa wayoyi. Ban ga komai ba. Wannan ba shi ne na farko ba a watan nan.

Zan riƙa rubuta abin da ke faruwa, don in kamfanin da ya ƙera ta sun tambaye ni kada in rikice. Har yanzu tana cikin garanti.

Litinin, da yamma

Na kira kamfanin. Mace ce ta ɗauka, murya a kwance, ba ta fara magana sai da "ka yi haƙuri". Na sa mata suna Mai Haƙuri. Ta karɓi lambar da ke bayan kwamfutar, sannan ta tambaya ko an canza wani abu a cikinta tun da aka saye ta.

Na ce an canza ram.

Bara ne, da zane ya fara yi mata nauyi, na cire ƙananan sandunan ram biyu da ta zo da su, na sa manya na wani kamfani daban. Ram kamar tebur ne da kwamfuta ke baza aikinta a kai. Teburin asali ya yi wa Mai Zane kaɗan.

Mai Haƙuri ta ce, "Ka yi haƙuri, garantinku bai lalace ba. Amma ba za mu turo ma'aikaci ba sai an cire wannan ram an mayar da namu. In ta sake mutuwa da namu a ciki, matsalarmu ce, za mu zo. In ba ta mutu ba, sai ku koma wurin wanda ya sayar muku."

Na ce to. Ban gaya mata nasu ba ya hannuna ba. Ba ta tambaya ba.

Talata, da rana

Injiniya, mai ofishin, ya kira ni ɗakinsa. Bai ce in zauna ba.

"Malam, ram ɗin nan na ƙanin matarka ne ko?"

Na ce, "Nasa ne, Yallaɓai."

"To saurara. Ƙarshen wata za mu miƙa zanen makarantar nan. In kayan yaron nan ne ba su da kyau, ka faɗa mini, in hana ƙafarsa shigowa nan, kai ka ci gaba da aikinka. In kuwa kai ne ka kasa gane kan abin, akwai wani abokina mai kamfanin gyara, ya daɗe yana roƙona in ba shi kwamfutocin nan. Ɗaya daga cikinku ne. Ba na son dogon Turanci."

Ƙanin matata Sukudireba ake ce masa, don tun yana yaro ba ya rabuwa da ita a aljihu. Shagonsa bai fi rumfa ba. Tawada, takarda, waya, duk abin da ofishinmu ke buƙata shi ke kawowa, kuma in ka cire ofishinmu shagon ba zai ga baɗi ba. Ni na kawo shi. Ranar da muka sa sabon ram, shi ya tafi da ƙananan biyun. Na ce masa ya tafi da su, me zan yi da su.

Laraba, bayan cin abincin yamma

Sukudireba ya zo gida ya ci abinci da mu, kamar yadda ya saba. Na bari sai da aka kwashe kwanuka na kawo maganar.

Ya ajiye kofin ruwa. "Yaya, ka gaya musu? Da bakinka?"

"Tambayata ta yi."

"Ai kowa ma ana tambayarsa! Yaya, wa ke gaya wa kamfani gaskiya a kiran farko? Mayar musu da nasu za ka yi, ka rufe, ka ce tun da aka kawo ta ko ƙusa ɗaya ba ka taɓa ba. Duk kasuwa haka ake yi." Ya juya wurin matata, Mamansu, yana dariya. "Yaya, ina kika samo wannan mutumin? Da shi ne ɗan sanda, kansa zai fara kamawa."

Ita ma ta yi dariya. 'Yarmu Auta ma, ko da yake ba ta san abin da ake yi wa dariya ba.

Na tambaye shi ina na asalin suke. Ya ce zai duba. Na ce ya duba da wuri. Ya ce ai kayansa garau suke, kwamfutar ce ta gaji. Ya sake yin wata dariyar.

Na faɗi wata magana. Ba zan rubuta ta a nan ba, ba ta cikin abin da kamfani zai tambaya.

Ya tashi bai sha shayinsa ba.

Alhamis, da safe

Mamansu ta tafi wurin mahaifiyarta, ita da Auta. Ta ce jikin tsohuwa ne. Babbar jaka ta ɗauka.

Alhamis, da yamma

Kwamfutar ta mutu sau biyu yau. Na mayar da Mai Zane kan ƙaramar kwamfutar sakatariya. In ta ja layi ɗaya sai ta jira. Ta ce, "Likita, kafin wannan ta buɗe bene na biyu, ɗaliban makarantar sun gama sun yi aure."

Na sake kiran kamfani. Namiji ne ya ɗauka. Na faɗi komai daga farko. Ya karanta mini abin da Mai Haƙuri ta rubuta, kalma da kalma: sai an mayar da namu. Na tambaye shi ko zan iya sayen irin nasu sabo in sa. Ya ce ana iya yin oda, amma ba zai iso kafin ƙarshen wata ba.

Na dafa ƙwai. Gishiri ya yi yawa.

Juma'a, da la'asar

Da aka tashi na bi ta layin masu sayar da kayan kwamfuta. Shagon Sukudireba a buɗe yake, na hango babur ɗinsa a bakin ƙofa. Na tsaya a wurin mai walda na tambayi wani abu da ba na buƙata, na wuce.

Ina ta tunani. Ram in ya lalace yakan nuna a gwaji. Na yi gwajin, ya wuce lafiya. Amma na taɓa ganin wanda ya wuce gwaji kuma yana da ciwo. Na kuma taɓa ganin kwamfutar da ramukan ram ɗinta ne suka lalace aka yi ta zargin ram. Wanda ya yi makarantar abin zai san yadda ake rarrabewa. Ni sai in cire, in sa, in jira.

Na kira Mamansu. Auta ce ta ɗauka. Ta ce Mama tana wanka. Na ji muryar Mama kusa da wayar tana cewa a rage talabijin.

Asabar, da rana

Ba a zuwa ofis ranar Asabar, amma makullin yana wurina.

Kwamfutar ɗakin Injiniya tagwayen ta Mai Zane ce, rana ɗaya aka kawo su, kuma ram ɗinta na asali yana ciki, ba a taɓa shi ba. Imel kawai yake buɗewa da ita. Ko mai shara bai yarda ta goge ta ba, shi yake gogewa da hankicinsa. Ya taɓa ce mini, "Wannan, Malam, ko wuta ta kama, kira ni kafin ka taɓa."

Na buɗe ta. Na cire sandunan biyu, na kai su cikin ta Mai Zane, na ajiye na Sukudireba a kan takarda. Na buɗe zanen makarantar, na sa ta tana jujjuya ginin, na zauna.

Kafin rana ta take, allo ya koma shuɗi.

Na ɗauki rahoton da kwamfutar ke rubutawa in ta mutu, na tura wa kamfani. Na mayar wa Injiniya sandunansa, na rufe, na goge inda yatsuna suka taɓa, na mayar da kujerarsa yadda take.

Ram ɗin kamfani ne a ciki da ta mutu. Na Sukudireba yana kan tebur.

Na ɗauka zan ji daɗi.

Lahadi, da hantsi

Na yi wanki. Ban san inda take ajiye abin matse shanya ba, na ɗaure rigunan a igiya.

Litinin, da safe

Mai Haƙuri ce ta kira da kanta.

"Ka yi haƙuri, mun ga rahoton. Amma waɗannan sandunan ba na wannan kwamfutar ba ne. Kowane sanda yana da lambarsa, kuma lambobin nan na wata kwamfutarku ne."

Na ce, "Amma ai naku ne."

"Namu ne, amma ba nata ba ne."

"Hajiya, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. A mota ɗaya aka kawo su."

Ta yi 'yar dariya, karo na farko da na ji ta yi. Sannan ta koma muryarta ta aiki. "Na gane. Amma tsarin ba zai buɗe mini hanyar turo ma'aikaci ba sai ya ga lambobin da ta fito da su daga masana'anta. Ka nemo su."

Injiniya ya shigo, ya kunna kwamfutarsa, ya karanta imel. Ina jin motsinsa ta bango. Bai kira ni ba.

Talata, da yamma

Na je shagon.

Yana zaune a kan benci yana kwance wata tsohuwar firinta. Bai ɗago ba. "Sannu da zuwa, Yallaɓai. Me za a kawo? Sai dai ka yi haƙuri, kayanmu duk jabu ne, mai shagon ma macuci ne."

Maƙwabcinsa mai gyaran waya ya leƙo, ya koma.

Na zauna a kan kwali. Na ce masa na gwada da ram ɗin kamfani, ta mutu.

"To?"

"To ba naka ba ne."

"Ni ai na sani." Ya ci gaba da kwance ƙusa. Can ya ce, "A gaban yayata. A gaban Auta. Yarinyar nan ni na fara saya mata keke."

Na ce na sani. Magana zarar bunu ce.

Na tambaye shi ƙananan biyun. Ya ce ya daɗe da sayar wa wani mai hoto a can bayan tashar mota. Ya dube ni tun daga sama har ƙasa, ya ja tsaki, ya tashi ya ɗauko sanduna biyu daga cikin gilas ya zuba a aljihu, ya ja ƙofar shago. "Hau mu je. Kada ka riƙe mini riga, ba na so."

Mai hoton gajere ne mai yawan magana. Da ya ji abin da muka zo nema ya rungume kwamfutarsa. "Wace irin fitina ce wannan? Ka sayar mini, yanzu ka zo ka ƙwace? Hotunan 'yan makaranta ne cike a ciki, iyayensu za su cinye ni ɗanye."

Sukudireba ya ce, "Ƙanana zan cire in sa maka manya, kyauta. Kai da ko gyaran fuskar mutum sai ka je ka sha shayi ka dawo."

"Manyan naka masu kyau ne?"

Sukudireba ya nuna ni da haɓa. "Tambayi wannan. Shi ne masanin jabu."

Na ce masu kyau ne.

A hanyar dawowa na tambaye shi jikin Inna, mahaifiyarsu. Ya ce, "Wane jiki? Jiya ma ita ta share tsakar gida."

Ya sauke ni a bakin ofis, ya miƙo mini sandunan a naɗe cikin takarda. Bai kashe babur ba.

Laraba, da safe

Na sa na asali. Na tura wa kamfani rahoto, Mai Haƙuri ta ce lambobin sun yi daidai. Ta ce yanzu sai jira: da zarar ta mutu in kira ta.

Mai Zane ta koma kanta. Da ƙaramin ram ba ta iya buɗe ginin gaba ɗaya, sai ta rarraba shi hawa-hawa. Tafiyar hawainiya, amma ta fi ta sakatariya.

Laraba, da yamma

Ba ta mutu ba.

Alhamis, da yamma

Ba ta mutu ba.

Juma'a, da la'asar

Ba ta mutu ba. Na bar ta tana jujjuya gini duk lokacin hutun rana. Na tsaya a kanta ina sauraron fanka.

Mai Zane ta dawo da ruwan sanyi a hannu ta same ni. Ta ce, "Tun da uwata ta haife ni ban taɓa ganin likitan da ke addu'a majinyacinsa ya mutu ba."

Sakatariya ta ce in rufe ta da bargo ta ji zafi. Ta ce wani ɗan'uwanta haka ya yi wa firij har kamfani suka canza masa. Na yi dariya tare da su. Da suka fita na daɗe ina kallon labulen taga, mai kauri ne. Ban taɓa shi ba.

Asabar, da hantsi

Wani abu yana damuna. Ranar da na sa sandunan Injiniya, na ji ƙarar shigar gefe ɗaya, ƙas. Ɗaya gefen fa? Ina ganin na ji. Amma sauri nake yi ran nan, kuma kunnena yana bakin ƙofa. Sandan da bai zauna daidai ba yana iya kashe kwamfuta lafiyayya. In haka ne, gwajina ba gwaji ba ne, kuma abin da na je na gaya wa Sukudireba a shagonsa ban san shi ba.

Na yi ta maimaita abin a kaina. Wani lokaci ina jin ƙas biyu, wani lokaci ɗaya.

Ba zan iya sake buɗe ta Injiniya ba. In ma na sake, kamfani ba za su karɓa ba.

Lahadi, da yamma

Na share ɗakin yara. Na sami takalmin makarantar Auta ƙafa ɗaya a ƙarƙashin gado. Ban san da me take zuwa makaranta ba.

Na kira. Mamansu ta ɗauka da kanta. Na tambayi jikin Inna, ta ce da sauƙi. Na ce takalmin Auta yana nan. Ta ce kawunta ya saya mata wani. Ta ce tana da abu a wuta.

Litinin, da rana

Ba ta mutu ba.

Mai Haƙuri ta ce, "Ka yi haƙuri, in ba ta nuna matsala ba zuwa ƙarshen mako zan rufe ƙorafin. Abin da zan rubuta shi ne, da ram ɗinmu tana aiki lafiya."

Na ce, "Amma kin ga rahoton ran nan. Ta mutu da naku."

"Na gani da idona. Amma ba zan iya sa shi a wannan ƙorafin ba." Sannan ta ce, "In ta mutu bayan na rufe, ka kira, zan buɗe sabo. Garantinku bai ƙare ba."

Ba ta da laifi. Ko ni ne a kujerarta haka zan ce. Su abin da suka ƙera suka sani, ba za su ɗauki nauyin abin da wani ya ƙera ba.

Talata, da yamma

Injiniya ya tsaya a bayan Mai Zane yana kallon allo. Ya ce, "Tun yaushe rabonta da mutuwa?"

Ta ce, "Tun da Likita ya mayar da na asali."

Ya gyaɗa kai, ya dube ni. "To ai magana ta ƙare. Gobe ka same ni."

Ba abin da zan ƙirƙira. Kamfani za su rubuta cewa nasu lafiya yake. Mai Zane shaida ce. Kalma ɗaya kawai zan ce, "ram ɗin ne", kuma wataƙila ma gaskiya ce.

Abin da ke hannuna na kare Sukudireba abu ɗaya ne, ranar Asabar ɗin nan. In na faɗe shi, na faɗi inda na samo sandunan.

Na jera maganar a kan takarda, abin da zan fara da shi da abin da zan ƙare da shi. Na yaga.

Laraba, da rana

Ya ce, "Zauna, Malam." Yau ya ce in zauna. "Ka ga, ba na son in raba ka da danginka, amma aiki aiki ne. Kayan yaron nan ne, ko ba haka ba?"

Na ce, "Ban tabbata ba, Yallaɓai."

"Me ya rage?"

Na ce ta taɓa mutuwa da ram ɗin kamfani a ciki, nasa yana waje.

"Yaushe? Ai na asalin makon jiya ka samo su."

"Da na wannan na gwada." Na nuna kwamfutar da ke gabansa.

Bai gane ba da farko. Ya dubi kwamfutar, ya dube ni. Ya sa hannu a kanta.

"Ka buɗe ta?"

"Ranar wata Asabar."

"Ka shigo ɗakina ba na nan, ka buɗe kwamfutata, ka ciro kayan cikinta."

"Na mayar, Yallaɓai."

"Na ce maka ko wuta ta kama."

"Ka ce."

Na ƙara da cewa ko wannan gwajin ma ban tabbata na yi shi daidai ba. Ban san dalilin da ya sa na ƙara ba. Ya yi wata dariya marar daɗi. "Wato ka fasa mini ɗaki, kuma ko amsar ma ba ka samo ba."

Na ce abin da na sani shi ne ba zan iya cewa kayansa ne ba.

Ya miƙo hannu. "Makulli."

Na cire shi daga cikin na gidana na ba shi. Zoben ya yi tauri, sai da na sa farce.

Ya ce daga wata mai zuwa kamfanin abokinsa ne za su riƙe kwamfutoci. Ni in riƙe firintoci da wayoyin tebur da kai takardu, albarkacin daɗewa. Na tambaye shi Sukudireba fa. Ya ce, "Tun da ka ce ba ka tabbata ba, ya ci gaba da kawo tawadarsa. Amma kada in ƙara jin kalmar ram a ofishin nan."

Alhamis, da yamma

Ba ta mutu ba. Mai Haƙuri ta rufe ƙorafin. Ta ce in yi haƙuri.

Juma'a, da la'asar

An miƙa zanen. Mai Zane ta haɗa hawa-hawan da kanta, idanunta sun yi ja. Ta ce in an gina makarantar a sa wa ɗakin kwamfuta sunana, amma kada a ba ni makullinsa. Sannan ta ga fuskata ta ce, "Wasa nake, Likita." Na ce na sani.

Sukudireba ya kawo tawada ina waje wurin kai takardu. Sakatariya ta ce ya daɗe a wurin Mai Zane suna magana, ya fita bai karɓi sa hannu ba.

Lahadi, da yamma

Sun dawo. Sukudireba ne ya kawo su.

Auta ta shige ɗaki da gudu. Mamansu ta tsaya a bakin kicin tana kallon tukwanen da na ƙona. Ba ta juyo ba ta ce, "Wai ka ba da makulli?"

Na ce na ba da.

"Kai dai Babansu. Ba ka iya ƙarya ba, ba ka iya shiru ba." Ta ɗauki tukunya ɗaya ta juya ta. "Wannan kuma me ta yi maka?"

Sukudireba bai shigo ba, yana kan babur. Na fita. Ya ce, "Yaya, da ka ce kayana ne. Ni zan iya neman wani ofis. Kai a shekarunka ina za ka?"

Na ce ban tabbata kayansa ba ne.

"Ba ka tabbata ba nawa ba ne kuma."

Na ce haka ne.

Ya girgiza kai, ya sauko, ya jingine babur. Ya ce ko akwai shayi.

Laraba, da hantsi

Mutumin sabon kamfanin ya zo, da riga mai tambari. Ya manna takarda mai lamba a kan kowace kwamfuta. Ya tambaye ni tarihin ta Mai Zane, na gaya masa duka, ya ce ba sai na shiga wannan dogon bayanin ba.

Firintar ƙasa tana cin takarda. Robar da ke janta ce ta siɗe.

Litinin, da rana

Ina durƙushe a gaban firinta na ji ihun Mai Zane daga sama. "Likita! Ta mutu! Wallahi ta mutu!"

Na hau. Allo shuɗi, ram ɗin kamfani a ciki, ba wanda ya taɓa ta tun ranar da na sa shi. Sakatariya tana tafi. Na ce kada kowa ya kashe, a ɗauki hoton allon tukuna. Hannuna ya kai kan akwatin, na janye.

Injiniya ya fito. Ya daɗe yana kallon allon. Ya dube ni, na dube shi. Ya ce wa sakatariya ta kira mutumin sabon kamfani, shi ya kira masu garanti. Ya koma ɗakinsa ya rufe ƙofa.

Na fita baranda na kira Sukudireba. Na ce, "Ta mutu."

Ya ce, "Wa?"

"Kwamfutar. Da nasu a ciki."

Ya fashe da dariya har yana tari. "Allah ya jiƙanta. Yanzu ka tabbata?"

Na ce yanzu na tabbata.

"Makullin fa? Ya mayar maka?"

Na ce a'a. Na ce in zai biyo ta nan gobe ya taho mini da robar firinta, ta ƙasa, mai jan takarda.